Ɗan Naman Da Ke Cikin Kwalba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Sunana Rakiya. A Tawa nake zaune, masa nake toyawa da safe a ƙofar gida. Ban saba dogon rubutu ba, amma tun da maigidana ya miƙe mata ke tare ni a wurin suna da wurin gaisuwa, kowa so take in ba ta labarin kwalbar nan tun daga farko, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya ba.

Maigidana, Malam Illa, direba ne. Ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Tawa da Takanamat, ranar da fasinja suka yi yawa har Tebaram yake leƙawa. Mutum ne da ba ya cewa wayyo. In ƙaya ta soke shi sai ya jira ta gaji ta fito da kanta. Saboda haka ba daga bakinsa na ji ciwon ba, a wurin wanki na gan shi. Jini na gani a wandonsa, yau kaɗan, jibi kaɗan. Da na tambaye shi sai ya ɗaure fuska ya ce, "Basur na, ciwon direbobi. Kowa na da shi tasha. Ke dai yi wankinki."

Daga nan aka shiga ba da shawara. Abokansa na tasha suka ce ya bar tonka, wato barkono, da kilishi, ya riƙa zama cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi. Gwaggona ta aiko da wata saiwa, aka jiƙa, ɗacinta ya kai in na zubar da tsakin ko akuya kau da kai take yi. Malam ya sayi maganin mai lasifika a kasuwar Lahadi, ya sha rubutu, ya sha zuma. Jinin ya ɗauke mako biyu mu ce an dace, sai ya dawo. Haka muka ci watanni. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da na ga ya ɗaga buhun gero zai ɗora a kan mota, ya sauke, ya dafa ƙofa yana haki. Na kama hannunsa na duba, tafin ya yi fari fat. Ran nan ban roƙe shi ba, faɗa na yi masa har maƙwabta suka leƙo.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti ba bai san tsawon hantsi ba. Mu je tun ana fitowa sallar asuba, mu tarar da wasu sun riga mu sun jera takalma da duwatsu a madadin kansu. Zuwan farko aka ce atuni ne, aka rubuta ƙwayoyi. Ya shanye, ba abin da ya sauya. Zuwa na biyu muka faɗa hannun wani likita mai natsuwa, Allah ya saka masa da alheri. Ya ja fatar idonsa ya duba, ya sa aka auna jini, sannan ya shiga da shi ɗaki ya duba shi ta inda maza ba su so. Malam ya fito bai yi mini magana ba har la'asar, kamar ni na sa safar hannun. Likitan ya ce wannan ba basur ba ne kawai, sai an leƙa cikin hanji da kyamara. Ya ce akwai ƙwararre da ke zuwa daga Yamai sau ɗaya a wata da na'urarsa, yana sauka a wani asibitin kuɗi. Ragon da nake kiwo don layya shi ya tafi, ya ja ƴar akuyata suka tafi tare.

Ana jibi za a yi aikin sai ga Inna, mahaifiyar Malam, ta sauka daga ƙauyensu da ke gaba da Takanamat. Ba wanda ya aika mata, ƙaninsa Sahabi ne ya yi suɓutar baki. Sai dai ba ta ce jinya ta zo ba. Cewa ta yi tabarmarta ta mutu, ta zo sayen sabuwa. Malam ɗan farinta ne, kuma Inna irin matan dā ce da ba su sassauta kunyar ɗan fari ko da ya yi furfura. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ta matsu ta ce "mai mota". In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Sahabi kuwa har tuwo take ɓoye masa. Na sha yi wa Malam tsiya ina cewa anya ba tsintarsa aka yi a bakin rijiya ba? Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Takardar shirin da faransanci take, sai maƙwabciyata Madam Lidiya, malamar makaranta ce ƴar kudu, ta zo ta karanta mana. Ba tuwo, ba fura, sai wani ruwan magani mai yawa da za a sha don wanke ciki. Ba zan tona asirin mijina ba, amma ranar hanyar bayan gida ta san ƙafarsa. Inna tana zaune a bakin ɗaki ta juya baya tana tsintar wake, sai dai duk lokacin da ya wuce hannunta yakan tsaya.

Ranar Asabar aka yi. An ba shi allurar barci, ni kuma ƙwararren likitan ya ga na ƙi barin bakin ƙofa sai ya ce in tsaya daga gefe in ina da zuciya. Jama'a, na ga ikon Allah. Ni da nake wanke hanjin rago kowace layya, na ɗauka na san hanji. Ashe wanda na sani matacce ne. Wani siririn tiyo aka zura mai fitila a kai, sai ga cikin mijina ya bayyana a allon tele, ja-ja, sumul, yana sheƙi, yana motsi a hankali shi kaɗai. Lungu bayan lungu, ga ƙananan jijiyoyi sun bazu, ba wadda ta hau kan wata. Shekaru ina dafa abin da ke bin wannan hanya, ban taɓa tunanin haka aka gyara ta ba. Ban san lokacin da na fara tasbihi a fili ba, har majo, wato ma'aikacin jinyar da ke taimakon likita, ya ce in rage murya.

Ba su yi nisa ba sai ga shi. Wani tsiro ne ya fito daga bangon hanjin, mai kai da wuya, kan ya kusa dabino, ya yi ja wur yana tsattsafar jini. Likitan ya ce, "Ga ɓarawon. Polip ake ce masa." Ya zura wata ƴar waya ta cikin tiyon, ta buɗe ta zama zarge, irin wanda makiyaya ke jefa wa rago. Ya saƙala a wuyan, ya tsuke, wani ɗan hayaƙi ya tashi, abin ya faɗi. Ba wuƙa, ba ɗinki. Da Malam ya farka ya shafa cikinsa ya ce, "To yaushe za su hwara?"

A nan ƙorafina yake, kuma ba zan haɗiye shi ba. Likitan ya ce mini, "Sai mun ga sakamako," ya juya ga na gaba, don mutane cike suke a waje. Majo ya biyo ni ina rungume da takalma da hular Malam, ya miƙo mini wata ƴar kwalba da takarda. Ɗan naman na ciki yana lilo a wani ruwa, an naɗe murfin da filasta, an rubuta suna a jiki. Ya ce, "Wanga na anapat na. Ku ba kar ɗin Yamai ran Litinin, ga inda za a kai." Shi ke nan. Kamar mai miƙo canji. Kar dai babbar motar fasinja ce, wannan na sani, anapat kuwa sai daga baya na ji ashe ɗakin binciken nama ne. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce, baiwar Allah, ran mijinki ne a cikin kwalbar nan. Ni a ganina an gama, ɓarawo ya fita, saura cika umarnin ma'aikata.

Na ɗora ta a saman kwanukana. Bayan magariba Inna ta shigo neman ashana, ta tsaya tana kallonta.

"Mi na na wanga?"

"Abin da anka hiddo na, Inna."

"Ina za a kai shi?"

"Yamai. Sun ce yayyanka shi za su yi su duba."

Ta ɗauki ashana ta fita. Washegari Lahadi ta bi motocin kasuwa ta koma gida. Ba ta yi wa Malam sallama ba, dama ba ta yi. Tabarmar ma ba ta saya ba.

Litinin da safe na kai hannu saman kwanuka, takarda na nan, kwalba babu. Na sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga katifa, na zazzage buhun gero, na tsare yara da tambaya har ƙaramar ta yi kuka. Inna ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Matar da ba ta ko kallon inda yake, me za ta yi da abin cikinsa? Madam Lidiya ta ji hayaniya ta shigo, da ta ji abin da ya ɓata sai na ga fuskarta ta sauya. Nan take ta kira likitan Yamai, ta buɗe muryar wayar muka kewaye ta.

Maganarsa ta ranar ta zauna mini daram, ko yanzu zan iya maimaita ta. Ya ce tsiron babba ne, kuma fuskarsa ba ta kwanta masa ba, yana zargin daji ya fara a ciki. Ya ce cire shi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a san ko cutar ta tsaya a kai, ko ta gangara wuya har ta kai inda waya ta yanke. A san ko ta shiga ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki, don ta nan take aika iri zuwa kaluluwar da ke bayan hanji, inda kyamara ba ta gani. A san kuma ko irin mai saurin yaɗuwa ce ko mai nawa. Ya ce, "Duk wannan a jikin ɗan naman nan yake rubuce, ba a jikin mijinki ba. In na karanta shi zan iya cewa a bar mutum ya tafi gida ana sa ido, ko in ce a yi babban aiki. In babu shi, ba ni da ido. Dole in ɗauka mafi munin ne."

Mafi munin kuwa shi ne a je Yamai a buɗe ciki, a yanke wani sashe na hanjin tare da kaluluwarsa. Kuma da yake wurin ya yi ƙasa, ya ce mai yiwuwa a fitar masa da hanya ta gefen ciki, ya riƙa bayan gida a jaka na wani lokaci. Malam yana jin haka ya miƙe ya sa hularsa. Ya ce, "In tsaya sahu da jakar kashi ga cikina? In zamna mota da mutane? Wallahi ba a yi man shi. In kwana ya ƙare shi ƙare da alwallata." Daga baya na san akwai mutane da yawa da ke rayuwa da jakar nan, suna sallarsu, suna sana'arsu, malamai ma sun ba da sauƙi a kai. Amma a makon nan ko limamin unguwa bai iya tanƙwara shi ba. Ya koma tuƙi abinsa. Ni kuma in zauna gaban tanda, masa na ƙonewa ina kallonta. Ko dai ba komai a cikinsa, ko kuma abu na can yana cinsa, kuma amsar tana cikin kwalbar da ta yi ƙafa.

Telan bakin layinmu ne ya warware mini, shi ma bai san ya yi ba. Na zo wucewa ya ce, "Rakiya, tsohuwa ta sauka lahiya? Ran Lahadi ta biyo ta sayi hwarin ƙyalle, kamu guda tak. Na ce Inna, wanga likkahwanin ɓera za a yi? Ko murmushi ba ta yi ba." A wurinmu abin da ya fita daga jikin mutum ba a yar da shi. Mabiyiya binne ta ake yi, cibiya haka, wanda mota ta cire wa yatsa ma sai an wanke an naɗe an sa a ƙasa. Ni da bakina na gaya wa tsohuwar nan za a kai naman ɗanta wani gari a yayyanka.

Madam ta sake kiran likita. Ya ce in murfin na rufe, ruwan da ke ciki zai tsare naman ko da an daɗe. In kuwa an buɗe an wanke an naɗe a ƙyalle, to sai haƙuri, ƙasa ta ci. Na san yadda ake yi wa abin da za a binne. Wanka ne farko.

Malam da kansa ya ja motar, ba fasinja, daga ni sai shi. Bazara ce, duwatsun Adar sun ɗauki zafi har iska na rawa a kansu. Da muka isa ya tsaya a ƙofar gida wurin maza, don ya san in yana wurin ko tari ba za ta yi ba. Na shiga na same ta tana kaɗa nono. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ubansu.

Na ce, "Inna, kwalbar nan na biyo."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Naman Musulmi ba a yawo da shi cikin kar awa kilishi. Na kai shi inda ya dace."

"Inna, likita na son shi."

"Abin da anka ba ƙasa ba a amsowa. Ke ba ki sani ba?"

Tun da nake ban taɓa ɗaga ido na kalli surukata ba, ran nan na kalle ta. Na ce, "Inna, ki gahwarce ni, yau ba ni da kunya. In ba a kai musu wanga ƙaramin ba, cewa sunka yi sai sun buɗe cikinshi sun yanke babba. Shi ko ya rantse ba a taɓa shi. In cutar na ciki, kashe shi za ta yi muna kallo. Wanga ɗan naman shi ɗai ka iya hwaɗin gaskiya. Ki hwaɗa mani abu guda don Allah. Kin buɗe?"

Ta ci gaba da kaɗa nonon har na fid da rai. Can ta ajiye maburgi, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki wata sakaina ta nufi bayan gida. Na bi ta.

A ƙarshen gidan akwai kufan wani tsohon ɗaki, ya rushe tun kafin aurena, sai guntun bango. Na sha wucewa ta wurin ban kula ba. A bayansa ga wani faffaɗan dutse a kwance, kewayensa a share tas, ko kashin awaki babu. Da gani ka san ba sharar jiya ba ce, ƙasar wurin har ta lotsa don shan tsintsiya. Ta durƙusa ta ture dutsen. Ba ta dube ni ba ta ce, "Nan ɗakina yake sa'ad da anka kawo ni. Nan mabiyiyarshi take, da cibiyarshi. Na ce shi ma wanga shi taho cikin ƴan'uwanshi."

Mutumin da ya haura hamsin. Ashe duk shekarun nan da take amsa wa bango gaisuwarsa, kullum sai ta zo ta share wurin nan.

Na kai hannu zan taya ta, ta buge mini hannu. Ita kaɗai ta tona, da sakaina da yatsunta da sanyin ƙashi ya karkatar. Ramin ya kai gwiwar hannu kafin farin ƙyallen ya leƙo. Ta ɗauko, ta karkaɗe, ta ɗora a cinyarta tana warwarewa a hankali. Da ta kai ƙarshe sai ga kwalba. A rufe. Ɗan naman na ciki yana lilo cikin ruwansa kamar ranar da aka ba ni shi. Filastar murfin duk ta yage, robar kuma ta sha tabo, sawun haƙori ne a kewaye.

Ta ce, "Na so in yi mashi wanka. Hannu ya ƙiya, haƙori ya ƙiya."

Ina kuka ina dariya na ce, "Inna, ga Sahabi cikin gida, mi ya hana ki ba shi shi buɗe maki?"

Sai a lokacin ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tambayar wauta. Ta ce, "In ce mashi mi? In ce abin wa?"

Na sha jin wa'azi a kan yadda Allah ke tsare bawa ta inda bai zata ba, amma ran nan na gani da idona. Kunyar nan da na daɗe ina yi wa tsiya, wadda ta hana ta kiran sunan ɗanta, ita ce ta hana ta neman mai buɗe murfin. Da ɗan autanta ne, da tuni an buɗe, an wanke, an gama. Kafin ta miƙo mini ta nuna rubutun jikin kwalbar ta ce mene ne wannan. Na ce sunansa ne. Ta goge ƙasar da ke kai da babban yatsa, ta ba ni.

Washegari kwalba ta bi motar Yamai, Madam ta sa ɗan'uwanta ya tarye ta ya kai da hannunsa. Sai jira. An ce mako biyu, ya zama uku, ya zama wata, kullum a ce na'ura ce ko mai dubawa ya yi tafiya. Wannan jiran ma ciwo ne mai zaman kansa, kuma ina roƙon masu iko su dube shi. Malam ya riƙa shan maganin ƙarin jini, jinin bayan gida ya ɗauke, ya fara cin tuwo da santi. Ni dai ban yarda da santin ba tukuna.

Da likitan ya dawo Tawa ya zaunar da mu, wannan karon bai yi sauri ba. Ya ce, "Malam, daji ne." Na saki salati. Ya ɗaga hannu ya ce in bari ya ƙarasa. Ya zana tsiron a takarda, kai da wuya. Ya ce an daskarar da naman a cikin kaki irin na kyandir, an fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, an rina, an duba da madubin da ke girmama abu. Cutar tana kai, ba ta gangara wuya ba. Inda waya ta yanke tas yake, har da tazara. Ba a ga ta shiga hanyoyin jini ko na ruwa ba, kuma ba irin mai gaggawa ba ce. Ya ce, "In waɗannan suka haɗu, haɗarin a ce ta bar iri a baya kaɗan ne ƙwarai. Ban ce babu ba, babu na Allah ne. Amma bai kai a buɗe cikinka ba. Za mu ɗauki hoton ciki, mu auna jini, mu sake leƙawa da kyamara lokaci zuwa lokaci. Ranar da na kira ka, ka ajiye mota ka zo."

Na yi ta kallon zanen nan. Abin da bai kai dabino ba, wanda ya kwana a ƙasa kusa da cibiya, wasu mutane da ba su taɓa ganin mijina ba sun duba shi sun faɗi abin da ake tsammani a shekarunsa masu zuwa. Wanda ya ba ɗan Adam wannan sani, shi ne abin tsoro. Malam kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko zai iya komawa cin tonka.

To ga abin da nake so a ɗauka. Jini a bayan gida ba kullum ne basur ba, a je a duba tun da wuri. In an ciro wani abu daga jikin naka an ba ka a kwalba, kada ka ajiye a saman kwanuka, kada ka buɗe, ka kai inda aka ce da gaggawa. Kuma ka zaunar da tsofaffin gida ka yi musu bayani, don su ma ba mugunta ke sa su ba. Ku kuma ma'aikata, Allah ya biya ku wahalarku, amma ku daure ku ƙara mana jimla biyu a kan "ku aika Yamai".

An sake leƙawa bayan watanni, wurin ya warke, sai ɗan farin tabo. Muka je ƙauye kai labari. Malam ya tsaya a bayan guntun bangon nan, ni na zagaya na sami Inna a wurin dutsen da tsintsiya a hannu. Ramin na nan ba ta cike ba, ta kife tsohuwar tukunya a kai. Na ce an duba, lafiya lau. Ta ce madalla, kamar na ce mata an yi ruwa a wani gari. Sannan ta ce, "To su maido, tunda sun gama karatunsu."

Na gaya mata abin da likita ya ce, cewa yana can cikin kaki an adana, ba za a bayar ba sai shekarun sa ido sun cika, ko da za a buƙaci sake dubawa. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo farin ƙyallen nan, ta wanke shi ta ninke, ta damƙa mini.

Ta ce, "Riƙe. In sun maido ina nan, ni za ni bizne shi. In ba ni nan, kin ga wurin." Ta gyara zaman tukunyar da ƙafa, ta ɗan ɗaga murya, ba don ni ba, don ta san wanda ke tsaye a bayan bangon. "Ƙaramin ɗai na ce a kawo man. Babban ko, kar wanda ya kawo man shi. Shi za shi bizne ni."

Na ji Malam ya ja hanci a bayan bango, ya yi gyaran murya, ya tafi duba tayar motar da ba abin da ya same ta. Ƙyallen yana cikin akwatina har yau. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma cika wa Inna wannan buri nata, amma ba da wuri ba.